Abin da Baba Demba Ya Tsamo Daga Kogi

A tashar Bamako na gane an yaudare ni, kuma ba daga bakin wanda ya yi yaudarar na ji ba.

Sunana Lawal, mutumin Kafinsoli a ƙasar Kankia. Gyaran injin ban-ruwa na koya a wani gareji da ke bakin titin Kankia, da shi nake ci da iyalina. Rani na kamawa masu lambu a bakin dam ɗin Kusada za su yi ta kirana, wannan injinsa ya ƙi tashi, wancan nasa ba ya jan ruwa. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir manoma suka jingine injinansu, ni ma aiki ya jingine ni. A wannan tsakanin ne wani Alhaji Tanimu ya riƙa zagaya kasuwannin yankinmu yana cewa akwai babbar gonar shinkafa a ƙasar Mali da ke neman masu gyaran inji. Yana da fara'a, yana da carbi mai tsada, ba ya barin salla ta wuce shi. Na bi shi.

Mun wuce Maraɗi, mun kwana Yamai, mun ratsa Wagadugu. Duk shingen jandarma sai an sauke mu an tsayar da mu cikin rana, a yi ta yi mana Faransanci muna kallon baki. Alhaji Tanimu shi ke shiga ya fito yana murmushi. Da muka isa Bamako ya damƙa ni hannun wani direban akori-kura, ya ce in hau in zauna, zai je ya karɓo wani saƙo ya dawo. Rana ta yi tsaka, ta karkata, ban gan shi ba. Na kira wayarsa na ji ta a kashe.

Ina zaune a kan buhun gishiri cikin motar, yunwa ta ci ta cinye ni, na ce da kaina a fili, "Allah shi kyauta." Wani mutum mai ƙiba da ke ɗaure kwandon albasa a gefena ya juyo ya dube ni.

"Kai ɗan'uwa, wannan baki na Katsina ne. Daga ina ka hito?"

Na gaya masa. Ya ce shi Isuhu ne, mahauci, Bamaraɗe, kuma su ne Katsinawan asali, mu na kudu 'yan tsaron gida ne kawai. Ya sayo mini shayi da burodi, ya bari sai da na ci na ƙoshi kafin ya tambayi inda za ni. Da na ambaci gonar shinkafa sai ya ce motar nan ba ta bi ta gonar kowa. Bakin kogin Faleme take zuwa, kan iyakar Mali da Senegal, inda ake haƙar zinari. Shi ma can yake sayar da tsire. Ya ce in ina da abin komawa gida in sauka yanzu. Ba ni da shi. Kuma ko da ina da shi, kunyar in shiga Kafinsoli hannu rabbana ta fi ƙarfina. Motar ta tashi da ni.

Ban taɓa ganin ruwa irin na kogin nan ba. Ja ne, mai kauri, kamar kunun da aka dama da jar dawa. A kansa ga wasu dandamali na katako da ganguna suna yawo, kowanne da injin da ke zuƙo yashi daga ƙasan ruwa ya watso shi a kan darduma, laka ta koma cikin kogi. A bakin gaɓa kuma ana murza yashin da zaiba, wani ruwa mai nauyi mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa, wanda ke kama ƙwayar zinari. Abin da ya rage a kwano, kogi ake watsa wa. Baƙin mai ma in na juye daga inji, kogi.

Mai injinan da aka kai ni wurinsa, Sidiki sunansa. Ya karɓi katin shaidata ya ce zai adana mini, ya sa aka gaya mini cewa ya riga ya sallami Alhaji Tanimu a kaina, saboda haka sai na yi masa aiki tukuna. Ba ya duka, ba ya zagi, amma ba ya kallon mutum in yana magana da shi. Na kama aiki. Hannuna ya san inji, wannan kam ba ya buƙatar tafinta.

Kewa ita ta fi aikin wahala. Shinkafa da miyar gyaɗa safe da yamma, har na riƙa jin ƙamshin daddawa a hancina alhali babu ita. Alwala ma sai da ruwan leda, don na kogi in ya taɓa fata sai ƙaiƙayi. Wayata ba ta kamawa a wurin, don haka ranar Juma'a Isuhu kan ba ni tasa in hau wani tudu in kira matata Rabi. Na gaya mata gonar shinkafar ba ta yiwu ba, amma na sami wani aikin. Ta ce in dai halal ne, in riƙe. In na sauko Isuhu zai miƙo mini tsire a takarda ya ce Bakatsine ba ya kuka a gaban Bamaraɗe.

Daga kan dandamalin da nake aiki ina hango ɗaya gaɓar, ta Senegal. Akwai wani ƙauye na masunta da makiyaya, ga lambunan mata a jere. Da safe matan kan sauko da bokitai su tsaya suna nuno mu suna magana da ƙarfi. Ban jin abin da suke cewa, amma na yi shekaru ina hulɗa da masu lambu, na san ganyen albasa in ya sha ruwan da bai karɓe shi ba. Nasu ya yi rawaya, ya kwanta. Isuhu ya ce rigimar ta daɗe. Mutanen can na cewa 'yan Mali sun kashe musu kogi, 'yan nan na cewa ai a gaɓar Senegal ma akwai injina. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake wasa da hukuma. In sojojin Mali suka zo, sai a tura dandamali ya haye tsakiyar ruwa zuwa ɓangaren Senegal, su tsaya suna kallo ba su da ikon bi. In jandarman Senegal suka ɓullo, a turo shi ya dawo. Ni kaina na sha jan igiyar.

Ruwa ba ya tsami banza. Wata rana shanun wani makiyayi na ƙauyen suka sha ruwa a wani lungu da ke ƙasa da inda ake wanke zinari, kafin yamma da yawansu sun kwanta ba su tashi ba. Washegari da hantsi ina kwance a ƙarƙashin inji ina kwance wani noti, sai na ji ihu. Samarin ƙauyen ne cikin kwale-kwale, da adduna da galan-galan na fetur. Abokan aikina da suka iya ruwa suka daka tsalle suka yi gaɓa. Kafin in fito daga ƙarƙashin injin an sare igiyoyi, wuta ta kama darduma, ta laso hannuna na dama. Dandamalin ya juya, ya karkace, na ji ni a cikin ruwa.

Ni ɗan tudu ne. Duk shekarun da na yi ina gyara a bakin dam, ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba. Na nutse na taso, na sha jan ruwan nan har na daina ƙirga, na yi kalmar shahada a zuci. Sai na ji an cafki wuyan rigata.

Wani tsoho ne siriri, mai farin gemu, shi kaɗai a ƙaramin kwale-kwalensa. Yadda ya iya jawo ƙato kamata ciki, har yau ban sani ba. Ya kai ni gaɓarsu, ya kifa ni na amayar da ruwa. Ina buɗe ido na ga samari sun kewaye mu, wasu da sanduna, idanunsu jajur. Tsohon ya miƙe ya tsaya a kaina, ya gitta filafilinsa a gabansu, ya faɗi wata magana gajera. Aka yi ta hayaniya, shi kuwa bai matsa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka watse. Sai daga baya aka fassara mini abin da ya ce: "Abin da na tsamo daga ruwan nan nawa ne, kifi ne ko mutum."

Sunansa Baba Demba, matarsa Inna Kumba. A ɗakin ɗansu da ke aiki a birni suka kwantar da ni. Zazzaɓi ya rufe ni, cikina ya ɓaci, hannu ya kumbura. Baba Demba ya ɗora ni a keken jaki ya kai ni ƙaramin asibitin yankin aka yi mini allura aka wanke ƙunar, Inna Kumba kuma ta riƙa shafa mini zuma tana kore ƙuda da mafici. Wata irin Fillanci suke yi, ni kuma ina da 'yan kalmomin da na tsinta wurin matan da ke kawo nono kasuwar Kankia. Ranar da na fara dawowa hayyacina na ce mata "ndiyam", wato ruwa, ta saki ƙwarya ta tafa hannu, ta fita tana kiran maƙwabta su zo su ji. Da wannan kalma da "kosam", nono, da "jam", lafiya, muka yi zaman gida ɗaya.

Da na fara takawa na ga abin da ban iya gani daga tsakiyar kogi. Tarun Baba Demba na rataye a jikin bishiya ya bushe da laka. Mutumin da ya tashi cikin kamun kifi, busasshen kifin teku yake saye daga motar da ke zuwa ranar kasuwa. Yara da dama fatarsu duk ƙuraje. Ƙaramin injin da matan ƙauye suka haɗa hannu suka saya don lambu yana yashe, laka ta toshe shi. Na roƙi Inna Kumba ta sa aka kawo mini shi. Da hannun hagu na kwance shi ina nuna wa mata inda za su riƙe, na wanke, na ɗaura masa abin tace ruwa da tsohon gidan sauro. Da ya tashi suka yi guɗa. Ni kuwa ban iya ɗaga kai na dube su ba, don na san irin ruwan da zai jawo musu.

Abin da ban sani ba shi ne, a hayin Mali an riga an kashe ni. Sidiki ya shaida wa hukuma cewa mutanen ƙauyen sun ƙona masa injina sun kuma hallaka makanikensa. Aka hana tsallaka kogi. Ma'aikatan sansanin haƙar zinari suka fara tara makamai suna cewa sai sun rama. Dagacin ƙauyenmu, in ce ƙauyen Baba Demba, ya aika cewa ina raye, Sidiki ya ce ƙarya ce, in da gaske ne a nuna ni.

Haka aka shirya zama. Akwai wata hukuma da ƙasashen da suka haɗa kogin suka kafa tare, ita ta kira taron. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata babbar tsamiya a gaɓar Senegal. Manyan jami'an yanki na ƙasashen biyu suka zo, da dagatai, da limamai, da masu injina, da mata masu lambu. Wata mace mai gilashi daga hukumar kogin ce ke jan zaman. Baba Demba ya sa mini babbar rigarsa ta Juma'a, wadda ta tsaya mini a gwiwa, ya ajiye ni a bayan taro.

Tun kafin a yi nisa aka fara sa-in-sa. Kowane ɓangare ya zo da takardar gwajin ruwa daga ƙasarsa, kowace takarda tana ɗora laifi a kan ɗaya gaɓar. Waɗannan na maganar shanu, waɗancan na maganar injina. Da Sidiki ya tashi ya ce ai duk wannan ƙarami ne, jini ne a tsakani, sai Baba Demba ya kama hannuna na hagu ya ja ni tsakiyar fili.

Daga cikin mutanen hayi na ji wani ya yi salati da Hausa. Isuhu ne. Ya ture mutane ya zo ya rungume ni har ya fama mini ƙunar. Abin da na fara tambayarsa shi ne ko ya kira gida, don lambar Rabi na cikin wayarsa.

"Sau nawa na ɗauko wayar in mayar," in ji shi. "Na ce ban ga gawa ba, ba ni sa ɗiyar mutane takaba."

Na zauna a ƙasa.

Matar hukumar ta bari na natsu, sannan ta ce in faɗi abin da ya faru, Isuhu ya yi tafinta. Na lura kowane ɓangare ya zuba mini ido yana jiran in zama nasa. Sidiki na riƙe da katina, mutanen ƙauye na riƙe da raina. Na ce wa Isuhu ya fassara yadda na faɗa, kada ya gyara. Na ce samarin wannan ƙauye ne suka sa wutar da ta ƙone ni, kuma dattijon wannan ƙauye ne ya cece ni. Na ce baƙin mai da zaiba a kogi ake zubarwa, na gani, hannuna ma ya zuba. Na ce injina na gaɓa biyu, kuma in hukumar wannan ƙasa ta zo, ɗaya ƙasar ake gudu. Ba wanda ya ji daɗin maganata gaba ɗaya. Wasu samari suka yi tsaki, Sidiki ya tofar da yawu. Amma maganar ramuwa ta mutu a wurin, tunda wanda za a rama wa ga shi zaune cikin rigar aro.

Ba a gama a ranar ba. An sake zama a hayin Mali, an sake dawowa, wani zaman ma an tashi baram-baram a kan wa zai biya shanu, wa zai biya injina. Matar nan tana da haƙuri. In aka rikice sai ta ce a ajiye abin da ya wuce tukuna, a yi maganar ruwan da za a sha gobe. A ƙarshe aka tsaya a kan abubuwa kaɗan. Ba za a ƙara zuwa da takardar gwaji ta ƙasa ɗaya ba. Jami'an ƙasashen biyu za su shiga kwale-kwale ɗaya, su ɗebi ruwa a wuri ɗaya, kowa ya sa hannu a kan kwalbar ɗan'uwansa. Sintiri kuma rana ɗaya za a riƙa yi a gaɓa biyu. Dandamali za su fita daga ruwa, masu wanke zinari su koma nesa da gaɓa, su haƙa ramukan da laka za ta kwanta. Aka kafa kwamitin dattawa daga hayi biyu, wanda duk ya ga ɓarna ya kira ɗan'uwansa kafin samari su ji. Aka kuma yi alkawarin rijiyar burtsatse don mutane da dabbobi. Wani jandarma ya karɓo mini katina daga hannun Sidiki. Shi kuwa Sidiki bai daɗe ba ya kwashe abin da ya rage masa ya yi gaba.

Da na kira Rabi ta yi mini faɗa sosai a kan shirun da na yi. Na bar ta ta gama, ina jin muryarta kamar ruwan sanyi. Na ce ciwo na yi, na warke. Sauran labarin sai da na dawo gida na ba ta.

Matar hukumar ta sa aka ɗauke ni in riƙa kula da injin kwale-kwalen da ake ɗibar ruwan gwaji, ina kuma gyara wa masu ramuka injinansu. A nan na ga jami'an da suka yi wa juna tsawa a ƙarƙashin tsamiya suna raba gyaɗa cikin kwale-kwale. Ba zan ce kogin ya warke ba. Can sama akwai waɗanda yarjejeniyar ba ta kai gare su ba, akwai kuma masu dawowa a ɓoye. Amma a gaban ƙauyen ruwan ya sauko daga kaurin kunu ya koma kalar shayi, rijiyar ma an haƙa, ko da yake ta makara. Inna Kumba ta sake dasa albasa.

Da damina ta matso na ce zan koma in yi noma. Inna Kumba ta ɗaure mini zuma da gyaɗa. Isuhu ya ce in gaida 'yan tsaron gida, sannan ya juya baya yana ta hura wutar tsirensa da ba ta mutu ba. Baba Demba kuwa ya ce bai sallame ni ba. Ya sa Isuhu ya gaya mini cewa shi ba zai bi ni Najeriya da kwale-kwale ba, saboda haka akwai abin da ya rage.

Ya ɗauke ni a keken jaki muka yi tafiya mai nisa zuwa wani rafi da ke gangarowa daga duwatsu, wanda haƙa ba ta kai gare shi ba. Ruwan garai-garai, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Ya tuɓe riga ya shiga, ya yafito ni. Na toge a baki, don tun ranar wuta ko wanka nake yi ba na son ruwa ya rufe mini fuska. Bai lallashe ni ba, bai yi dariya ba. Ya tsaya da hannu a miƙe har na shigo.

Haka muka riƙa zuwa kullum da safe. Tsoho mai jikoki ya tallafe cikin magidanci da tafin hannunsa, ni ina ta bugun ruwa da ƙafa kamar kwaɗo, ina sha ina tari. Wata safiya ina cikin bugawa na ga dutsen da ke ɗaya gefen yana matsowa. Na kama shi, na juyo in gaya masa kada ya sake ni. Yana can nesa inda muka faro, ruwa iya ƙirjinsa, hannayensa biyu a naɗe a baya.

Ya ɗaga murya ya faɗi kalmomi biyu na Hausa, waɗanda na tabbata wurin Isuhu ya roƙo su ya yi ta haddacewa.

"Tahi gida."